Yadda za ka ɗauko ɗan katun daga mutanen kan hanya ka ƙarasa shi a waya

Akwai wani dattijo da nake tararwa kusan kullum da safe a teburin mai shayin bakin tasha. Ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. Yakan zauna a ƙarshen benci ya ɗora ƙaramin rediyo a kafaɗa ya manna shi da kunne, eriya ta tokare hularsa har ta karkace gefe guda, ga kofin shayi a ɗaya hannun yana ta hucewa bai kula ba. Na zana shi ya fi sau ashirin, kuma babu zane ko ɗaya da ɗan cikinsa zai kalla ya ce wannan babana ne. Abin da na ɗauko a wurinsa rediyon ne, da karkatar hular, da yadda yake runtse ido ɗaya idan labari ya yi masa daɗi.

Masu fara zane da yawa sukan kulle kansu a ɗaki su ce za su ƙirƙiro mutum da ka. Sai ka ga duk abin da ya fito fuska ɗaya ce, gashi ɗaya, tsayuwa ɗaya, wadda suka haddace daga katun ɗin Japan. Alhali a waje ga mutane nan suna wucewa, kowa da abin da ya bambanta shi da ɗan'uwansa, kuma kyauta ne ga mai ido. Aikinka ka ɗauko wannan abu ɗayan, ka bar wa mutumin fuskarsa.

Magana ɗaya kafin mu shiga aiki. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan zana abu mai rai, kuma akwai saɓani a tsakaninsu game da zanen yara da na koyarwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Akwai masu zana littattafan yara na addini da ke barin fuska fili, babu ido babu baki, kuma yawancin abin da zan faɗa yana aiki ko a hakan, domin tsayuwa da sutura su ke ɗauke da fiye da rabin halin mutum.

Fita da littafi, bar waya a aljihu

Ka samu ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihun riga, da biro. Biro na ce, ba fensir ba. Mai fensir da kilina yakan ɓata minti biyar yana goge hanci ɗaya, kafin ya ɗago mutumin ya hau mota ya tafi. Da biro kuwa layin da ka ja ya zauna, idan bai yi ba ka ja wani a kansa ka wuce. Waya ba ta dace da wannan matakin ba: rana na kashe hasken allo, wanda ya ga ka saita waya wajensa zai ɗauka hoto kake yi masa, ga kuma masu ƙwace.

Sai ka nemi inda mutane ke jira, domin mai jira ne kaɗai ke tsayawa wuri ɗaya: tashar mota, shagon aski, layin mai POS, teburin mai shayi, rumfar maza a gidan biki. Ka zauna bayanka na jingine da bango don kada a taru a kanka. Wannan fita zane a bainar jama'a ba baƙon abu ba ne a duniya. Har ƙungiya gare shi mai suna Urban Sketchers, wadda wani ɗan jarida mai zane, Gabriel Campanario, ya faro a birnin Siyatil na Amurka a 2007, kuma ƙa'idarsu ita ce a zana abin da ido ya gani a wurin da aka gan shi.

Kallo da ladabinsa

Ka kalli mutum daƙiƙa huɗu ko biyar, ka sunkuyar da kai ka zana abin da ya maƙale maka. Idan kana buƙatar ƙari ka sake ɗagowa kamar mai duba hanya. Ƙura wa mutum ido rashin ɗa'a ne, kuma ba ya ƙara wa zane komai. Gajeren kallo ma ya fi amfani, don ƙwaƙwalwa tana zubar da tarkace ta riƙe abin da ya fi girma.

Kada ka ɗauki hoton kowa a ɓoye da sunan za ka zana a gida. Matan mutane da yara ƙanana, ka tsaya a kan siffar sutura daga nesa ko daga baya. Tawayar da Allah ya jarrabi mutum da ita kuma ba kayan ado ba ce, kada ka ɗauke ta ka kumbura don a yi dariya.

Za a kama ka wata rana, kuma ba abin tsoro ba ne. Dattijon nan ya taɓa sauke rediyonsa ya ce, "Samari, me kake ta rubutawa ne tun ɗazu?" Na miƙa masa littafin da hannu biyu na ce, "Baba, zane nake koyo, rediyon nan naka ne ya ja hankalina." Ya daɗe yana kallo, ya ce eriyar ta yi gajarta, ya miƙo mini. Kuma gaskiya ya faɗa. Da ya nuna bai so ba, da na yage shafin na ba shi, kuma haka ya kamata kai ma ka yi.

Abu uku cikin rabin minti

Layin farko shi ne na ƙashin baya: layi ɗaya daga ƙeya zuwa ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Ya miƙe ne, ya ranƙwafa, ko ya karkata? Wanda ya gaji da wanda ke sauri da wanda ke jin kansa, duk a wannan layin ake gane su.

Na biyu siffar jiki dunƙule, kamar ka hango mutumin da magariba ba ka ganin komai sai inuwarsa. Ni da kayan gida nake kwatantawa don sun fi zama a kai. Dattijo cikin babbar riga a zaune tulu ne. Yarinya da hijabi har ƙasa mazurari ne a kife. Dogon saurayi siriri taɓarya ne, gajere kakkaura turmi. Ka zana kayan, ka ɗora kai a sama.

Na uku shi ne abin nan ɗaya. Farantin gyaɗa da ya fi mai tallar faɗi. Silifa wari da wari, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Biro a maƙale a kunnen kamasho. Tabarau da aka ɗaure da zare. Ɗaya kawai za ka zaɓa, ko da mutumin yana da biyar. Sai ka rubuta launuka da kalmomi a gefe, "riga ruwan toka, hula ruwan hanta", da wata 'yar kalma a kan halinsa, "ba ya son a katse shi". Ka juya shafi. A zama ɗaya na rabin awa ka fitar da goma ko fiye. Biyu ko uku ne za su yi rai, kuma sun isa.

Inda kyan yake fitowa

A nan ne mutane suka fi ɓata, suna zaton abin da ke sa ɗan katun ya shiga rai ado ne, su yi ta ƙara taurari da furanni. Sirrin yana cikin awo. Tun a 1943 wani masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, ya lissafa siffofin jariri da ke sa babba ya ji yana son ɗaukarsa: babban kai, faɗin goshi, dara-daran idanu da suka sauko ƙasa a fuska, kumatu ɓul-ɓul, ɗan ƙaramin hanci da haɓa, gajerun gaɓoɓi masu ƙiba. Duk yaron da aka ce kamar ka sace shi ka gudu, waɗannan ne ke aiki a kanka.

Masu zane da kai suke awon jiki. Baligi tsayinsa kai bakwai ne zuwa takwas, jariri wajen huɗu. Salon da Japanawa ke kira chibi yakan sauko zuwa kai biyu ko uku. Don haka ka zana da'ira uku a jere daga sama zuwa ƙasa: ta sama kai, biyun ƙasa su ne jiki da ƙafafu gaba ɗaya. Idan kana son ya ƙara zama ɗan dagwas, ka mayar da su biyu da rabi. Ni a uku na fi tsayawa idan mutumin dattijo ne, don a biyu babbar riga ba ta samun wurin zubowa.

Yanzu fuska. Ka raba da'irar kai biyu da layi a kwance. A fuskar baligi idanu a kan wannan layin suke. A naka zanen ka sauko da su ƙasa da layin, ka ɗan nisanta su da juna, ka matso da baki kusa da su, hanci ya zama ɗigo ko ɗan lanƙwasa. Filin da ya rage a sama goshi ne da hula. Gwada ka gani da idonka: zana fuska biyu iri ɗaya, ɗaya idanu a sama ɗaya a ƙasa. Ta farko za ta yi kama da mai shekara arba'in, ta biyu da ɗan yaye.

To ta yaya dattijo zai zauna a dattijonsa bayan an ba shi awon jariri? Da alama biyu ko uku kawai: farin gemu dunƙule kamar auduga, gira mai kauri, ɗan layi ɗaya a gefen kowane ido. Idan ka ƙara tamoji a goshi da kumatu, kyan ya tafi. Sannan abin nan ɗaya da ka ɗauko, ka ƙara masa girma. Rediyon da a zahiri bai wuce tafin hannu ba, a zanena ya kai rabin kan mai shi, eriyar kuma, bisa gyaran da ya yi mini, ta wuce hular. Kusurwa duk ka daddaɗe ta: kafaɗa, gwiwar hannu, bakin takalmi. Wuya ka rage shi ko ka cire. Hannu ya zama ɗan dunƙule da babban yatsa, sai in yatsun ne ke ba da labari.

Shiga waya

Manhajar da na fi ba mai waya shawara ita ce ibisPaint X, ta wani kamfanin Japan; kyauta ce, da talla a ciki. Mai kwamfuta ya ɗauko Krita, ita ma kyauta. Procreate tana da daɗin aiki amma sai a iPad, kuma saye ake yi. Kada rashin allon zane irin na Wacom ko Huion ya tsayar da kai; yatsa yana yi, alƙalamin taɓa allo mai kan roba na kasuwa ma yana yi.

Ka ɗauki hoton shafin littafinka a inuwa mai haske, wayar na kallon takardar kai tsaye ba a karkace ba. Ka buɗe sabon fili mai fiksel 2000 a tsaye 2000 a kwance; fiksel su ne 'yan ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto a allo. Idan wayar ba ta da ƙarfi ka sauko 1500, don babban fili na cinye ƙwaƙwalwar waya har manhaja ta riƙa tsayawa. Abin da za a buga a takarda a sa shi dpi 300 tun farko, wato ma'aunin yawan ɗigo a kowane inci na bugu.

Sai leya. Ka ɗauke ta kamar fallen leda mai shara-shara da ake jerawa wani kan wani: abin da ka zana a ɗaya ba ya taɓa na ƙasansa. Hoton littafi ya zauna a ta ƙasa, ka rage ƙarfinsa zuwa kashi 30 cikin 100 yadda zai yi dishi-dishi. A ta biyu ka sake gina shi da da'irori bisa awon kai uku, da launi shuɗi ko ja. Ita ma ka dusashe ta, ka buɗe ta uku don layin gaske. Ka sa wa kowace suna. Kuma kafin ka ja layin farko ka duba a kan wace leya kake, ka mai da wannan dubawar ɗabi'a.

Layi

Layin mai koyo yakan fito da gashi-gashi, gajeru gajeru an jona, saboda tsoro. Maganinsa sauri. Ka shawagi da hannu a saman allo sau biyu kana bin hanyar da layin zai bi, a na uku ka sauke ka ja shi da bugu ɗaya. Bai yi ba, taɓa allo da yatsu biyu ya koma, ka sake. Ja goma ka zaɓi ɗaya ya fi ka lallaɓa ɗaya a hankali, domin hannun da ke tafiya a hankali shi ke rawa. Dogon layi daga gwiwar hannu yake fitowa, wuyan hannu na ƙananan abubuwa ne. Kowane hannu kuma yana da lanƙwasar da ta fi masa sauƙi, don haka ka riƙa juya filin da yatsu biyu har layin ya faɗo ta inda hannunka ke so.

Akwai abin da manhajojin ke kira Stabilizer, mai gyara rawar hannu. Ka kunna shi tsaka-tsaki. Idan ka ƙure shi, layi zai riƙa biyo yatsanka a makare, kuma duk zanen zai yi sumul kamar na inji, rawar nan ta biro da ta ba shi rai ta ɓace. Mai zane da yatsa ya kunna Force Fade a ibisPaint, shi ke sirantar da farkon layi da ƙarshensa kamar an ɗaga alƙalami.

Burushi ɗaya ya ishe ka wata uku. Kauri biyu za ka yi aiki da su: mai kauri a kewayen jiki da inda abu ya hau kan abu, kamar ƙarƙashin haɓa, siriri a ciki. Ninkin babbar riga layi uku ya isa, daga kafaɗa su zubo. Aikin hula ko zanen atamfa kada ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki siffa guda ka maimaita ta wuri huɗu ko biyar, ido zai cike sauran. Launin layin kuma ka gwada ruwan ƙasa mai duhu a maimakon baƙi wuluk, ya fi taushi.

Abu biyu da nake roƙonka. Kada ka zuƙo zanen ka zauna a cikin ƙwayar ido minti ashirin; ka riƙa komawa baya kana ganin jikin duka. Sannan ka riƙa juya filin hagu ya koma dama, kamar a madubi. A Krita harafin M ne ke yin haka. Ido yakan saba da karkatar da hannu ya yi har ya daina ganinta, amma da ka juya sai ka tarar ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko duk jikin na shirin faɗuwa gefe. Ka juya tun a matakin da'irori, lokacin da gyara ba shi da tsada.

Launi

Leyar launi a ƙarƙashin ta layi take zama. Ka zaɓi launi huɗu ko biyar kafin ka fara, ka ɗiga su a gefen fili: fata, sutura, na biyun sutura, da ɗaya mai ƙarfi wanda za ka ajiye wa abin nan na musamman shi kaɗai. A zanen dattijo komai ruwan toka ne da ruwan ƙasa da fari, rediyon ne kawai ja, don haka ido can yake fara sauka. Ka zuba da bokiti, wato kayan aikin manhaja da ke cika wuri da launi a taɓawa ɗaya. Idan launi ya malale ya cika fili, akwai ƙofa a layinka, ka nemo ta ka toshe.

Fatar mutanenmu tana son kulawa, don yawancin darussan da ke intanet da farar fata ake yin su. Baƙin mutum ba ruwan toka ba ne. Ka fara daga ruwan goro ko ja, ka yi ƙasa da shi zuwa duhu, ɗumin ya zauna a ciki. Wankan tarwaɗa ya fi karkata wajen ruwan goro, mai duhu sosai wajen ruwan makuba. Ruwan hoda da ake shafa wa kumatu a katun ɗin waje yakan zama kamar toka a kan baƙar fata. Ja mai duhu kaɗan ya fi. Kuma fata mai duhu da haske ake fito da siffarta: ɗan haske a goshi, a karan hanci, a saman kumatu.

Inuwa kuma, ka buɗe sabuwar leya a kan ta launi, ka kunna Clipping don kada ta fita daga jiki, ka mayar da yanayinta Multiply, wanda ke duhunta launin da ke ƙarƙashinta. Ka ɗauki shuɗi mai ja-ja, mara duhu sosai, ka yanke shawarar ta ina rana take, ka sa inuwa a ɗaya gefen: ƙarƙashin hula, ƙarƙashin haɓa, cikin hannun riga, da 'yar da'ira a ƙasa don kada ya yi kamar yana shawagi. Inuwa mai kaifin baki ta fi wadda aka murje da abin feshi. A ƙarshe farin ɗigo ɗaya a kowace ƙwayar ido, duka a gefe guda. Daga nan ka ƙanƙance zanen ya koma kamar hoton fasfo. Idan har ana gane dattijo ne da rediyo, ya yi.

Ajiya

Na taɓa rasa aikin wata biyu a dare ɗaya, waya ta mutu ba ta sake tashi ba, kuma komai a cikinta yake. Tun daga ranar duk zanen da na gama sai na fitar da shi gida biyu: hoto irin na PNG don nunawa, da ainihin fayil mai leyoyi, na tura wani wuri daban. Idan za ka aika ta WhatsApp ka aika a matsayin fayil, don in ka tura shi a hoto matse shi ake yi layi ya dusashe. Ka sa hannu da kwanan wata a gefe. Wajen wallafawa kada ka faɗi takamaiman inda mutumin yake zama. "Wani dattijo a tasha" ya wadatar.

Yadda hannu ke gaba

ibisPaint tana naɗar duk abin da ka yi ta mayar da shi ɗan bidiyo. Ka kalli naka, ba don nishaɗi ba, ka lura da inda ka fi gogewa da sakewa. Nan ne rauninka, kuma shi za ka ba mako guda cur. Idan takalma ne, mako guda ba ka kallon komai a tasha sai ƙafafu. Kafin kowane zama ka ɗumama hannu minti biyar da da'irori da dogayen layuka. Minti ashirin kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi.

Bayan wata uku ka buɗe littafinka na farko, ka zaɓi shafi ɗaya, ka sake yin sa daga tushe ba tare da ka kalli tsohon na waya ba, sannan ka jera su biyun. Ni wannan makon hannuwa nake bi. Na koma ɗaya ƙarshen bencin, inda nake ganin mai shayin sosai idan ya ɗaga kofi sama yana tsiyaya cikin na ƙasa, don har yanzu ban kama yadda ƙaramin yatsansa ke miƙewa ba lokacin da shayin ya yi tsawo.